Harafi Ɗaya

A bayan gidanmu na Kurmin Mashi,
ƙarƙashin mangwaron da ya daina 'ya'ya,
akwai wata mota mai faɗin ƙirji.
Sunanta Caja. Yaran layi sukan tuntsire,
su ce, ta wace waya?

Ƙirar Doj ce, ta shekarar sittin da tara,
ƙofa biyu, goshi dogo kamar rakiyar mai surutu,
fitilunta a ɓoye bayan murfi,
ba ta buɗe ido sai dare ya yi.
Wani Ba'amurke malamin Foli ya taho da ita ta ruwa
tun ba a canja hannu a titi ba.
Da zai koma, bashin gyara ya fi ƙarfin aljihunsa,
ya ajiye wa Baba Barau makulli a kan benci,
ya tafi.

Silinda takwas.
In Baba ya tashe ta bayan asuba
kwanon rufin maƙwabta sai ya amsa,
kaji su watse, mai koko ta dafe ƙwarya.
Fijo sabuwa fil daga Kakuri
takan raɓe a kan gada ta ba ta hanya.
Mai kuwa tana shan sa kamar gobe za a hana.
Aka kuwa hana.
Ta kwanta, ƙaiƙayi ya cika mata baki,
ciyawa ta tsiro ta cikin taya,
kyanwa ta haihu sau biyu a kujerar baya.

Shekara uku da rufe Baba
sai ga Nazifi daga Abuja, da turare da waya biyu.
Ya zagaya ta kamar mai tayin sa a kara.
Ya ce irinta uwa ɗaya ce, ɗaki daban-daban:
akwai ta gama-gari, inji ɗari uku da sha takwas,
akwai R/T, ɗari huɗu da arba'in,
akwai mai Hemi, wadda masu ita ba sa ɗaga waya.
Ya shafa tambarin R/T da ke goshinta,
ya ce, in wannan gaskiya ne
ka fara neman gida a Malali.

Ban ce komai ba. Na riga na zaɓi kalar fenti.

Ya tofa yawu a hankici,
ya goge wani ɗan ƙarfe a gindin gilashin gaba,
ya haska, ya karanta a hankali.
Harafi na biyu ne alƙali:
in S ne, gida.
In P ne, sai haƙuri.

P ne.
Harafin da bakinmu bai taɓa iya riƙewa ba,
mu da muke cewa Fijo, Foli, Fanteka.

Fanteka! Nan na tuna.
Ina ɗan shekara bakwai, ina riƙe da tukunyar Inna da ta huje,
Baba na riƙe da hoto da ya yago daga kalanda.
Ɗanjuma mai zubi ya narka tukunyar,
ya zuba a ƙasa mai laima.
Dare biyu Baba na goge haruffan da magagari,
yana hura su, yana kallon su a fitilar ƙwai.
Ba don ya cuci kowa ba.
Ya ce mota mai irin wannan murya
ai ta cancanci sarauta.

Nazifi ya raba tayinsa gida huɗu, ya miƙo mini ɗaya.
Ya ce, amma ka cire wannan na bogi.
Na ce ya dawo ran Asabar.

Da la'asar na sayo lita huɗu a galan,
na aro batir wurin Yohanna mai walda,
na kori ƙadangaru, na hura bututu,
na ce bismillah.
Ta yi tari. Ta sake. Ta yi shiru har na cire rai.
A na huɗu ta buɗe maƙogwaro,
baƙin hayaƙi ya hau mangwaro,
tambarin tukunyar Inna na rawa a goshinta.

Kwanon maƙwabta bai nemi ganin lamba ba.
Ya amsa.